Rumsiki ta Hanyar Sandaga

Ban taɓa zuwa Rumsiki ba, amma an taɓa kai ni. Da ƙafa aka kai ni, daga ƙofar gidanmu da ke unguwar Hausawa a New Bell, na kuma dawo kafin la'asar ba tare da na bar Duwala ba.

Sai na fara faɗin abin da ya zaunar da ni a ɗaki. A hutun da ya gabaci shekarata ta ƙarshe a sakandare aka tura ni Marwa wurin dangin Mama. Shekarun nan ne da ba a kiran sunan masu abin, sai dai a rage murya a ce mutanen daji. Wata rana ina cikin kasuwa ina zaɓen lalle, wani abu ya tashi a layin da ke bayanmu. Ko ƙwarzane ban samu ba, takalmi ɗaya kawai na rasa. Aka dawo da ni Duwala kowa yana yi mini barka, na shiga gida, ban sake fitowa ba.

Wanda ya san New Bell ya san ba unguwar da mai tsoron ƙara zai zauna ba ce. Baburan haya da muke kira bensikin suna tari kamar tsofaffi, mai walda yana dukan ƙarfe tun asuba, ruwan sama yana faɗowa kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Murfin tukunya in ya suɓuce wa Mama, a ƙarƙashin gado ake nemo ni. Jarrabawar bak, wadda da ita ake gama sakandare a nan, ta zo ta wuce ina kwance. Da shekara ta zagayo Mama ta sa aka sake rubuta sunana, na yi ta karatu a ɗaki, na haddace koguna da sarakunan duniya. Sai dai ba a rubuta bak a ƙarƙashin gado. A wata makaranta a unguwar Akwa za a yi, lokacin yana ta matsowa, ni kuwa ko zaurenmu ban iya ƙetarewa. An yi addu'a, an yi rubutu na sha, an yi lallashi, an yi faɗa. Baba ya daina magana, sai dai in ya dawo daga shago ya tsaya ya dubi takalmana da ke bakin ƙofa, waɗanda ba su motsa daga inda suke ba.

A ɗakin zaure akwai wani abokin Baba da muke kira Kawu Gid, wato jagora da Faransanci. Mutumin duwatsun Kapsiki ne, can arewa kusa da iyaka, kuma tun yana saurayi aikinsa jagorar baƙi. Turawa su sauka a Marwa, ya kwashe su da safe ya kai su tsofaffin ƙauyuka da duwatsun Rumsiki, ya dawo da su da yamma. Da abin ya ɓaci baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya gangaro Duwala da rigarsa mai aljihuna barkatai, da hular kaba, da sanda. Baba ya sa shi tsaron shagon atamfa. Bai yi nisa ba, domin in mace ta taɓa turmi ɗaya sai ya fara ba ta tarihin auduga tun daga gona, kafin ya iso wurin rini ta tafi shagon gaba.

Shi ne ya zo bakin ƙofata wata safiyar Asabar, ya yi sallama ya tsuguna. Bai ce in fito ba. Cewa ya yi harshensa yana tsatsa. Ya ji ana cewa wata rana hanya za ta lafa, baƙi su dawo, in kuwa suka same shi ya manta aikinsa ya ji kunya har ƙarshen ransa. Yana neman baƙo guda wanda ya yi makaranta, mai iya tambaya, ya gwada a kansa. Zai kai ni Rumsiki a nan cikin Duwala, abin da babu sai mu ɗauka akwai.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana tsakar gida tana ɗaura ɗankwali za ta rumfarta ta albasa a kasuwar Sandaga. A New Bell aka haife ta, ba ta taɓa wuce Yawunde ba, kuma bakinta ba ya hutu. Ta ce ga ta nan, ita ma baƙuwa ce.

Kawu ya ce, "Hajiya, ke ba baƙuwa ba ce, ke jarrabawa ce."

Ta ce to jarrabawar za ta bi su, ai hanyarta ce.

Na ce zan raka shi zaure kawai. Na zura hijabi, na sa takalman nan, ƙafata tana jin su kamar na aro. Da muka isa zaure na dafa bango na ce nan ne iyakata. Kawu ya gyara hula, ya canja murya, ya koma wani mutum daban. Ya ce, Madmazel, nan Mokolo ne, garin da ake ratsawa kafin Rumsiki, kuma ba wanda yake kwana a Mokolo, shayi kawai ake sha a wuce. Sannan ya faɗa mini dokarsa: baƙo ba ya kallon ƙasa, ba ya waige, fuskar jagora yake kallo da inda bakin sanda ya nuna. Ya juya ya ba titi baya, ya fuskance ni, ya fara tafiya da baya.

Haka yake aikinsa. Ya ce jagoran da ya nuna wa baƙi ƙeyarsa direban jaki ne. A duwatsunsu dugadugansa sun san kowane dutse, yana iya hawa har ƙoli da baya yana magana bai yi tuntuɓe ba. Abin da bai lissafa ba shi ne dugadugansa ba su san Duwala ba. An kwana ana ruwa. Taku kaɗan ya yi na ga yana nufar kwata.

Na ce, "Kawu, kwata."

Ya kauce bai ko waiga ba, yana bayanin cewa ƙasar da muka shigo takan yi wata da watanni ba ɗigon ruwa, mata suna tona yashin kogi da ƙwarya kafin su samu na sha. Gwaggo tana tattare zani tana tsallake tabki ta ce Allah sarki, su zo ta sam musu na ɗakinta. Sai da na faɗi kwata ta biyu da bensikin na farko na lura ashe ƙofar gidanmu tana bayana da nisa. Na tsaya cak. Na so in juya, amma wani mai kura yana tahowa da buhunan gawayi daidai bayan Kawu, in na tafi ba mai gaya masa.

Tsohon ƙauye na farko layin gidajen katako ne da muke kira karabot, waɗanda suka jingina da juna don kada su faɗi. Kawu ya nuna su da sanda ya ce mu dubi yadda aka jera duwatsu ba laka ba siminti tun zamanin kakanni, mu dubi rumbuna masu hular ciyawa, na gero daban na gyaɗa daban, mu dubi yadda aka sassaƙa jikin dutse hawa-hawa ana noma a kai. Wata mata da ke wanke-wanke a ƙofar karabot ɗinta ta bi bakin sandar da ido har kan rufinta, ta tambayi Gwaggo da Faransanci ko mutanen gwamnati ne masu rushe gidaje. Gwaggo ta ce a'a, mahaukata ne kawai, kuma na gida.

Daga nan sai maƙera. Nan ne na fi tsoro, don maƙerin shi ne mai waldar da ke tashina kullum da asuba. Tun daga nesa kowane bugu yana shiga mini har haƙori. Na tsaya. Kawu bai ce in yi haƙuri ba, bai ce ba komai ba, waɗannan na ƙoshi da su a gida. Matsowa ya yi har fuskarsa ta tare mini komai, ya ce a ƙauyukansu maƙera jinsi ne daban, ba a aurensu, ba a ci da su a ƙwarya ɗaya, amma su ne masu binne matattu da haɗa magani, matansu kuma su ke gina tukwane. Ya ce baƙo mai ilimi a nan yakan yi tambaya. Na ce, me ya sa ba a ci da su? Ya ce madalla, ya shiga amsa mai tsawo, yana ja da baya ina binsa, har muka wuce. Na saci kallon mai waldar. Ashe wani ɗan siririn mutum ne sanye da tabarau na mata, yana gyaran ƙafar gado. Shekara da wani abu ina ɓuya daga ƙafar gado.

Kawu ya so mu hau taksi zuwa Akwa, na ce ba zan shiga akwati da mutanen da ban sani ba. Ya ce ai da ma ainihin baƙi da ƙafa suke zuwa. Muka miƙe. Ban san yadda zan kwatanta tafiyar nan ba. Mutum yana tafiya da baya a titin Duwala, da hular kaba da sanda, yana nuna wa mata biyu abin da babu. Masu bensikin suna zaginsa da yare uku. Ni kuwa bakina bai huta ba: Kawu, rami. Kawu, mai lemo. Kawu, ƙafar mutum. Da, in na tuna taro, abin da nake gani shi ne jaka a hannun wani, riga mai kumburi, wanda ya tsaya shi kaɗai. Ranar nan ban samu sararin wannan ba. Duk wanda na gani, tambayata ɗaya ce, Kawu zai taka shi ko ba zai taka shi ba.

Wani abu kuma na lura da shi wanda ban sani ba ina ɗaki. Wasu suna kauce mini. Yarinya cikin dogon hijabi, fuska a ɗaure, tana tafiya kamar an ɗora mata ƙwai a ka, a shekarun nan. Wata mai sayar da soyayyiyar ayaba ta janye ɗanta. Na gaya wa Gwaggo a hankali. Ta ce to ai shi ke nan, kina tsoronsu suna tsoronki, sai a raba hanya kowa ya wuce lafiya. Ta kama hannuna ta ɗaga murya tana yi mini faɗan ƙarya da Faransanci kan wanke-wanke, don kowa ya ji 'yar gida ce.

A Akwa Kawu ya tsayar da mu gaban wani dogon bene mai gilashi, ya cire hula. Ya ce ga shi nan, dutsen Rumsiki, tsinin da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar kwari kamar yatsa, in rana za ta faɗi sai ya koma ja, bayansa kuma Najeriya ce. Ya ce ya ga Turawa suna kuka a nan. Ya daɗe bai mayar da hular ba. Sai mai gadin benen ya taso ya ce in ba mu da aiki a ciki mu matsa. Kawu ya ce mana wannan ɗan sarkin dutse ne, a gaishe shi a wuce.

Muna gangarawa Sandaga hayaniya ta fara isowa tun kafin mu ga kasuwar. Manyan motoci suna sauke kaya, 'yan dako suna gudu da buhuna a ka, warin ruɓaɓɓen kabeji da laka. Kasuwa. Na ja da baya. Na ce Kawu, mu koma. Ya ce saura abu ɗaya, kuma duk wanda ya je Rumsiki bai ga mai duba da ƙaguwa ba, bai je ba.

A bakin kasuwa akwai wata mami, wato mace 'yar kasuwa, zaune da babbar roba cike da ƙaguwa masu rai. Kawu ya tsuguna gabanta kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce a can akwai wani tsoho da ke zuba yashi da ruwa a tukunya, ya kakkafa tsinke da gutsattsarin ƙwarya, kowanne da ma'anarsa. Sai ya ɗauki ƙaguwa ya kai ta bakinsa, ya raɗa mata tambayar baƙo, ya ɗan tofa mata yawu, ya saka ta ya rufe. In an buɗe, abin da ta ture shi ne amsa. Ya ce shi astagfirullahi bai yarda da wannan ba, aiki ne kawai. Gwaggo ta ce mu a nan tambaya ɗaya muke yi wa ƙaguwa, da kuɓewa take so ko da barkono. Kawu ya dube ta kamar ta ce tana cin liman.

Ƙaguwar da ya sani ta rafi ce, 'yar ƙarama, wadda ta saba da hannun tsoho. Ta Duwala ta bakin teku ce, faɗinta ya kai tafin hannu, kuma ba ta taɓa aikin duba ba. Mamin ta ce masa da Pijin kada ya taɓa. Ya ce ya san aikinsa. Ya ɗauki mafi girma ya kai ta bakinsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yarinyar nan za ta je Akwa ta rubuta jarrabawarta?"

Ƙaguwar ta kama masa leɓen sama.

Ya miƙe zumbur, ya yi abin da jikinsa ya saba, ya ja da baya. Na buɗe baki zan ce Kawu, kwanduna, sai wata babbar mota ta saki ƙofar bayanta ta bugi ƙasa.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Hannuwana a ka, fuskata cikin laka, kunnuwana suna wannan ƙarar siririya da na sani. Ina jin ƙanshin lalle. Ina jira a fara gudu. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Da na ɗago, Kawu yana kwance rigingine, rigarsa mai aljihuna ta yi ja tun daga wuya har ciki, ja a hannunsa, ja a ƙasa kewaye da shi. Ban yi ihu ba, a Marwa ma ban yi ba. Na rarrafa na isa gare shi, na dafa ƙirjinsa, hannuna ya nutse cikin wani abu mai sanyi da 'ya'ya.

Tumatir ne. Kwando biyu ya zauna a kai. Ƙaguwar ta sake shi tana tafiya a karkace a kan cikinsa, mai tumatir tana tsaye a kansa tana kiran sunayen kakanninsa. Ba wanda ya gudu. 'Yan dako suna ce masa ashiya, wato sannu, suna dariya. Kawu ya laluba ya samo sandarsa, ya ɗaga ta sama daga kwancen, leɓe ya fara kumbura, ya ce, "In kuka duba sama, Madam da Madmazel, wannan shi ne sararin Kapsiki."

Abin da ya fito daga bakina ban san sunansa ba. Ya fara kamar kuka, ya koma dariya, ya sake komawa, har na rasa numfashi, ina zaune dirshan cikin tumatir ɗin mutane. Gwaggo ta tsuguna ta riƙe ni. Da na lafa ta juya ga Kawu.

"To Malam Gid, me ta ce?"

Ya yi wani gunaguni.

"Ni na ji ta. Cewa ta yi ka yi shiru."

Shirun kuwa ya zama dole, don leɓen ya kai girman ƙosai, ga idon sawunsa ya gurɗe. Gwaggo ta ce ita za ta tsaya ta kashe wutar mai tumatir, ga kuma rumfarta ba kowa. Ta dube ni ta ce in kai shi gida. Na ce ni? Ta ce to wa, ƙaguwar? Kawu ya miƙo mini sandar.

A Duwala ba a tsayar da taksi da hannu kawai. Direba yakan rage gudu, ka sunkuya ka faɗi inda za ka da ƙarfi, in hanyarsa ce ya danna ham ka shiga, in ba ita ba ce ya wuce ko kallonka bai yi ba. Na tsaya bakin titi, Kawu yana rataye a kafaɗata yana ɗigar ruwan tumatir. Ta farko ta rage gudu, na faɗa, ni kaina ban ji ba. Ta biyu ma ta wuce. Da wata ta sake tahowa na cika ƙirjina na kwarara, "New Bell, unguwar Hausawa!" Rabon da in ji muryata haka tun kafin Marwa. Direban ya danna ham, na yi tsalle har na taka ƙafar Kawu mai ciwon, amma na buɗe ƙofa na tura shi, na shiga na matsu tsakaninsa da wani mutum mai jaka a cinya. Na kalli jakar. Na ci gaba da kallonta. Can mutumin ya buɗe ta ya ciro biredi.

Da muka shigo Akwa na hango makarantar da za a yi jarrabawar, da koren ƙyaure da bishiyar mangwaro a ciki. Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu, ya nuna sandar da ido. Na ɗaga ta iya yadda rufin taksi ya bari, na ce a hannun dama, wannan wani tsohon ƙauye ne, ana shiga da safe a fito da yamma. Mai biredi ya leƙa ta taga, ya dube ni, ya matsa kaɗan.

Daren nan Gwaggo ta dawo da ƙaguwar a leda, ta ce mamin ta ƙi karɓarta tunda an yi mata yawu. Ta dafa ta da kuɓewa ta aika wa Kawu a zaure. Ya dawo da kwanon a rufe.

Ranar jarrabawa na je. Kawu ne ya raka ni, yana ɗingishi, da baya, ina gaya masa ramuka. A rana ta biyu wani ya ture benci a bayan aji, na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur da biro a hannu. Mai tsaron jarrabawa ta leƙo ta tambaya ko na yar da wani abu. Na ce e, na samu. Na fito na ƙarasa amsar, rubutun ya karkace amma ana karantawa. Na ci bak ɗin da ƙyar, lissafi ya kusa kayar da ni.

Har yau in ƙofa ta bugu sai na nemi bango, kuma ban iya sayen lalle da kaina. Kawu yana nan a zaure, da ɗan tabo a leɓe. Ya ce in hanya ta lafa zai kai ni in ga na gaskiyar, kuma a can ba sai na gaya masa rami ba. Na ce to, amma ni zan riƙe ƙaguwar.